Cokali Uku a Gaban Mutane

Busasshen barkono guda bakwai Ammi, mahaifiyata, ta dunƙule a hannu, ta zagaya kaina da su tana motsa baki, sannan ta watsa su a kan murhu. Muka tsaya muna jira. In hayaƙin ya shaƙe mu, to babu komai. In kuwa bai shaƙe mu ba, an yi min baki.

Bai shaƙe mu ba, don tagar kicin a buɗe take, iska na kwashe shi zuwa gidan maƙwabta.

"Kin gani ko?" Ammi ta ce tana kakkaɓe hannu. "Ko tari ba mu yi ba. Wallahi bakin mutane ne, Rubab. Yarinyar da cokali uku ke cika wa ciki, ta ina ƙiba za ta shige ta?"

Na sunkuyar da kai. Ni na san ta inda take shiga, amma na bar barkono da ɗaukar laifi.

Shekara shida ke nan da aka yi min aikin rage tumbi. Lokacin kilo ɗari da ashirin da shida nake, ko matattakalar gidanmu ba na hawa sai na huta sau biyu, masu keken haya na riksha a unguwarmu Samanabad, nan Lahore, in suka hango ni sai su yi kamar waya ake kiransu. Abbu, mahaifina, ya riga ya rasu. Ammi ta zare awarwaronta na aure ta kai wa mai zinariya, aka shigar da ni ɗakin fiɗa. Kafin shekara biyu na dawo sittin da bakwai.

Tun ranar da aka sallamo ni Ammi ta ajiye farantinta, ta koma ci a ɗan farantin shayi irin nawa. Ta daina sa sukari. Ta ce ba za ta zauna tana lasar baki a gaban 'yarta ba, abin da na haƙura da shi ita ma ta haƙura. Matar da a da kowace Alhamis sai ta aika an sayo mata firni, kunun zaƙin nan na kasko, daga unguwar Gawalmandi, ita ce ta rame har rigunanta suna lilo a jikinta.

Ni kuwa yau casa'in da takwas nake. Kuma yau da la'asar Tabish zai zo da mahaifiyarsa neman aurena, karo na biyu.

Karo na farko shekara uku ke nan. A kantin maganin da ke bakin layinmu yake aiki, wurinsa nake sayen ƙwayoyin ƙarin jini, ya san komai game da aikin tun kafin ya san sunana. Mahaifiyarsa, Anti Shagufta, ita ce ba ta sani ba. Ta zo da awarwaron danginsu, wanda kowace uwar miji ke zura wa matar ɗanta ranar tsayar da magana. Ta zura min, ya zarce har kusa da gwiwar hannu, aka yi ta guɗa. Sai goggona, ƙanwar Abbu, ta buɗe baki da murmushinta ta ce, "Masha Allah, wa zai ce wannan ce aka yanke wa ciki?"

Anti ta tsayar da kofin shayi a iska. Tsohuwar unguwarzoma ce, ta yi shekara talatin a asibiti. Ta ce ita ɗa guda ta haifa, ba za ta aura masa macen da ba ta da tabbas a kan cikinta ba. Ta zare awarwaron kamar yadda ta zura shi, ko gogar fata bai yi ba.

Tabish ya tattara ya tafi aiki ƙasar waje, can Maskat, ya rantse ba zai kalli hoton kowace yarinya ba. Shekara uku suna ja, sai watan jiya Anti ta sauko.

"Ki saurare ni," Ammi ta ce tana gyara min wuyan riga. "In suka sake kawo wata magana, ba zan ƙara zubar da hawaye a kansu ba. Gulraiz na nan. Ɗan goggonki ne, ga shagon alawarsu a Gawalmandi, ga mutunci, shekara nawa yana jira. Kin cika talatin, Rubab."

"Ammi, don Allah."

"Na faɗa miki dai. Bari in ɗan kishingiɗa kafin su zo."

Tana rufe ƙofarta ƙafafuna suka kai ni saman bene. Ban aike su ba, sun saba.

A can kusurwa, bayan tankin ruwa, akwai tsohon injin wankinmu da ya mutu tun Abbu na da rai. Na ɗaga murfin. Kaskon firni ɗaya ya rage daga na jiya, an rufe bakinsa da takarda. Na tsuguna a inuwar tankin na ɓare.

Nama ba ya wuce min, gurasar roti na tsaya min a ƙirji, shi ya sa a gaban mutane cokali uku nake yi in ture faranti, kuma ba ƙarya ba ne, na ƙoshi. Amma firni ba ya neman izini. Kunun shinkafa ne mai sanyi da madara da sukari, sulalewa yake. Haka shayi mai kaurin madara, haka biskit in ya jiƙa. Kaɗan yanzu, kaɗan bayan rabin awa, daga azahar har magariba. Likitar da ta yi min aikin ta gargaɗe ni tun farko, ta ce tumbin ta rage, ba ta rage hannun da ke kai wa baki ba. Tun da sikeli ya taɓa tamanin ban sake taka ofishinta ba.

Ina lashe cokalin wayata ta yi ƙara. Tabish ne, kiran bidiyo.

Na goge baki da gefen mayafi, na ɗaga wayar sama da kaina yadda na saba, daga goshi zuwa haɓa kawai.

"Rubi," ya ce, yana dariya. "Ina cikin Lahore, ke kina Lahore, amma har yanzu ta waya? Jiya da na sauka saura kaɗan in ce wa mai mota ya zarce Samanabad."

"Tabish, kada ku zo yau."

Dariyar ta ɗauke.

"Me kika ce?"

"Ku ɗaga zuwa bayan Sallah. Wata uku kawai nake roƙo. Ko biyu."

"Shekara uku na yi ina cin shinkafar kanti, ina gaba da uwar da ta haife ni. Jiya da hannunta ta goge awarwaron nan. Yanzu ki ce in koma in ce mata me?"

"Ba wadda ka bari za ka tarar ba."

"To wa zan tarar? Kin ƙara hanci ne?"

Kuka ya ƙwace min. Na kifa wayar a cinya don kada ya ga wuyana yana rawa. Muryarsa na fitowa ta cikin rigata.

"Rubi, ɗago. Wani ne ya shigo tsakaninmu? Faɗa min gaskiya, zan iya ɗauka."

"Babu kowa, wallahi babu kowa."

"To me ya rage? In ba wani ba ne, babu abin da zai hana ni shiga gidanku yau. Ki share hawaye, ki sa kwalli. Ƙarfe biyar."

Ya kashe. Na zauna da kasko a hannu. Ba wani ba ne ya shiga tsakaninmu, kilo talatin da ɗaya ne, kuma da cokali na ɗebo su ɗaya bayan ɗaya. Na jefa kaskon cikin injin, ya faɗa kan 'yan'uwansa. In makarantar da nake koyarwa na buɗe, a jakata nake fita da su in zubar a bolar da ke nesa da layinmu. Amma wata guda ke nan ana hutu, sun taru har sun kusa taɓa murfi.

Ina saukowa na ci karo da Gulraiz a tsakiyar matattakala, da katon kwalin alawa ɗaure da jan zare. Ammi ce ta ce ya kawo, don in magana ta tsaya a zaƙaƙa wa baƙi baki.

"Ga na baƙi," ya ce a hankali. Ya zaro wata 'yar leda daga bayansa. "Ga kuma na 'yar gida. Da sanyinsa."

"Gulraiz Bhai, ka mayar."

"Sau nawa zan ce ki daina ce min Bhai kamar yayanki? Ba ciki ɗaya muka fito ba."

Shi ya kawo min kasko na farko, washegarin ranar da aka zare min awarwaro. Ya ce in ɗan jiƙa maƙoshi, na kwana ina kuka. Daga nan kullum bayan azahar babur ɗinsa zai tsaya a bayan gidanmu, ni kuma in zura kwandon da muke janyo kayan miya da shi.

"Ka kashe ni," na ce. "Ka dube ni. Kai ka mayar da ni haka."

"Ni?" Ya dafa ƙirji. "Ni nake riƙe igiyar? Ke kike zuro kwandon, Rubab. Ban taɓa jefo shi sama ba."

Gaskiya ya faɗa.

"Saurara," ya ce, ya sassauta murya. "Ni ban taɓa ɗora ki a sikeli ba. Kina ɗari da ashirin ina son ki, kika zama tsinke ina son ki, yanzu ma haka. Waccan tsohuwar da idon asibiti za ta dube ki. Ki bar su su yi ta maganarsu su tafi. Ni bakina a rufe yake, ko mahaifiyarki ba za ta ji ba har abada. A gidana babu mai ƙirga miki cokali."

"Shi ne abin da nake tsoro."

"Me?"

Na raɓa shi na wuce. Amma Allah ya sani, sai da idona ya bi ledar nan.

Biyar saura suka iso. Ina daga kicin ina jin gaisuwa, ina jin muryar Tabish yana tambayar Ammi ciwon gwiwarta. Na sa rigar da tela ya buɗe sau biyu, na yafa mayafi mai faɗi, na ɗauki tiren shayi.

Na yi sallama na shiga.

Tabish ya miƙe da murmushinsa. Na ga lokacin da idonsa ya sauka daga fuskata zuwa ƙasa, na ga lokacin da ya dawo da shi da sauri. Murmushin bai tafi ba, amma sai da ya riƙe shi da ƙarfi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Anti Shagufta kuwa ba ta ɓoye komai ba. Ta sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Farzana Baji, wannan Rubab ce?" ta tambayi Ammi, tana girmama ta kamar yayarta.

"Ita ce," Ammi ta ce da sauri. "Baki ne ya kama ta, muna ta addu'a."

"Uhm. Zo nan, 'yata. Zauna kusa da ni."

Na zauna, kujerar ta yi ƙara. Gulraiz na can bakin ƙofa a kan stul, ya harɗe hannuwa kamar mai kallon wasa.

Anti ta buɗe wani ɗan jan akwati, ta ciro awarwaron. "Na yi wa ɗana alkawari, ni kuma ba na tauna magana biyu. Kawo hannun."

Na miƙa. Ta haɗe yatsuna ta tura. Awarwaron ya wuce yatsu ya tsaya a kan ƙashin hannu, ya ƙi gaba. Ta juya shi, ta matse min babban yatsa, ta sake turawa. Shiru.

"A ba ni leda," in ji ta.

Ammi ta tashi ta kawo ledar burodi. Aka zura min ita a hannu kamar safa, aka shafa sabulu a kai. Wannan dabarar a kasuwa ake yi wa matan da ke gwada awarwaron gilas, ban taɓa jin an yi wa amarya a gaban angonta ba. Anti ta danne gwiwar hannuna da cinyarta, ta ciji leɓe, ta tura da ƙarfinta duka.

"Ammi, ya isa, kina ji mata ciwo," Tabish ya ce wa mahaifiyarsa.

Sai ji na yi ƙashi ya ba da hanya. Awarwaron ya faɗa wuyan hannuna ya nutse cikin nama. Babu wanda ya yi guɗa.

Anti ba ta saki hannun ba. Ta danna yatsanta a damtsena ta ɗaga, tana duban ko wurin zai lotsa. Ta ja fatar idona ƙasa. Ta taɓa wuyana. Ni dai ina zaune kamar akuyar da ake tayawa.

"A kawo abinci," ta ce. "Ina son in ga cinta."

Ammi ta jera shinkafar biryani da kaza da roti. Ta ajiye min ɗan farantina, ta ajiye nata irinsa. Na ɗebi cokali ɗaya, na tauna, na tauna. Na biyu. A na uku ƙirjina ya cika, na ajiye.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan cinta," Ammi ta ce, har da alfahari. "Shekara shida. Safe da rana da dare."

Anti ta goge hannunta a hankali. "Baji, na karɓi haihuwa fiye da dubu. Jiki ba ya yin nama da iska. In mace na cin wannan tana yin wannan, to cuta ce a ciki, aikin nan ya taɓa wani abu. Abin da na ji tsoro tun farko ke nan. Irin wannan jikin ba ya riƙe ciki."

"Ammi!" Tabish ya ce.

"Yi min shiru, ba da kai nake ba." Ta juyo gare ni, muryarta ta yi laushi. "Sai dai in akwai abin da take ci ba a gani. In wannan ne, da sauƙi, a faɗa min. Na ga mata da yawa."

Na buɗe baki. Na dubi Gulraiz, ya girgiza min kai kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani. Kafin in sami murya Ammi ta miƙe tsaye.

"Me kike nufi? 'Yata ɓarauniya ce a gidan ubanta? Ni nake dafawa, ni nake zubawa, makullin sito a ƙuguna yake kwana. Ko ƙwayar sukari ba ta shiga gidan nan sai don baƙo!"

"Ban zage ta ba, tambaya na yi."

"Kin zage ta! Karo na biyu ke nan kina tozarta min yarinya a kan kujerata. Ke kika sa mata ido ranar nan, tun daga ranar jikinta ya juya."

"To madalla. Tunda ni ce mai ido, a ba ni awarwarona in tafi da idona."

Ta kamo hannuna ta ja. Hannun ya riga ya kumbura. Ta sa sabulu, ta sa leda, ta murɗa har na yi ƙara. Ko motsi bai yi ba.

Ban lura Ammi ta fita ba sai da ta dawo, fuskarta da hannuwanta na ɗigar ruwan alwala. Tana rungume da Alƙur'anin Abbu a cikin koren ƙyallensa. Ta ɗora shi a kan tebur, ta ture farantin biryani gefe.

"Kafin ki fita sai kin ji. Ba zan bari a ce 'yar Farzana na cin abinci a ɓoye kamar ɓera ba. Zan dafa in rantse, in na yi ƙarya ya ci ni."

Ta ɗaga hannunta, siririn hannun nan da babu ko zare a wuyansa.

"Ammi, kada ki dafa!"

Ban san na yi tsalle ba sai da na ji na riƙe ta. Hannunta saura kaɗan ya taɓa ƙyallen.

"Sake ni, Rubab."

"Kada ki dafa, don girman Allah. Zai ci ki."

Ta dube ni. Ba ta gane ba, kuma rashin ganewar nan ya fi min duka ciwo.

"Ku jira ni," na ce.

Na hau benen nan ina haki, ina tuntuɓe da rigata. Na cire mayafin da na yafa don ya rufa min asiri, na shimfiɗa shi a ƙasa, na kwashe abin da ke cikin injin na zuba. Na ƙulle bakinsa na rungumo. Haka na sauko, babu mayafi, kowa na ganin faɗina yadda yake.

Na kwance ƙullin a tsakiyar darduma. Kasake suka zube, suna gangarawa ƙarƙashin kujeru, wasu suka fashe. Ɗakin ya cika da warin tsohuwar madara. Ɗaya ya tafi ya tsaya a ƙafar Ammi.

"Na wata ɗaya ne wannan," na ce. Muryata kamar ba tawa ba. "Ba baki ba ne, Ammi. Ba cuta ba ce, Anti. Ni ce. Kullum in kin kwanta bayan azahar nake hawa sama. Shekara uku. Akwai biskit a cikin akwatin keken ɗinki, akwai gwangwanin madara a bayan littattafaina. Da kwandon kayan miya nake janyo firnin."

"Wa ke sa miki a kwandon?" Ammi ta tambaya, a hankali ƙwarai.

Ba sai na faɗa ba, tambarin shagonsu na jikin kowace takarda. Ammi ta juya ta dubi bakin ƙofa.

"Mami, ni tausayi ne ya..." Gulraiz ya fara ce wa Ammi.

"Kana zuwa kana gaishe ni, kana ganin ina ƙona barkono."

"Ita take zuro..."

"Ɗauki kwalinka."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sannan ya sunkuya ya ɗauki kwalin da jan zarensa ya fita. Muka ji tashin babur.

Na durƙushe a tsakiyar kasaken ina kuka, irin kukan da ba shi da kyan gani, da majina da shessheƙa.

"Kin sayar da awarwaronki saboda ni, na cinye shi. Kullum sai na ce yau ne na ƙarshe. In na gama sai in ji kunya, in kunyar ta yi yawa sai in sake zura kwandon. Tabish, ka yafe min. Ka yi shekara uku kana faɗa a kan macen da babu ita."

Sai na ji ƙarar kasko ya fashe a ƙarƙashin gwiwar wani. Tabish ne ya durƙusa a gabana, a kan ɓaraguzan, da farin wandonsa.

"Na sani, Rubi."

Na ɗago.

"Ban san da kwando ba. Amma tun bara na ga kumatunki, na ga yadda kike ɗaga waya sama. Magani nake sayarwa, na san abin da ke faruwa da mutane bayan aikin nan, ba ke kaɗai ba ce. Sau goma na shirya tambayarki, sai in ji tsoron kada ki daina ɗaukar wayata. Na bar ki ke kaɗai a saman bene don in ci gaba da ganin murmushi. In kin ɓoye, ni ma na taya ki."

Hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin kukansa ba.

"Tashi daga nan," Anti ta ce masa. Ta riga ta rataya jakarta. Ta daɗe tana duban kasaken kafin ta dube ni. "To, ba cuta ba ce. Wannan na yarda, kuma na ji sanyi. Amma yarinyar da ta iya kallon idon uwarta shekara uku, me za ta ɓoye wa ɗana a shekara talatin?"

"Ta hana uwarta rantsuwa a gabanki," in ji Tabish. "Da ta yi shiru da ba ki taɓa sani ba."

"Na gani, ba makauniya ba ce ni." Ta nuna hannuna. "Gobe da hantsi zan zo da maƙerin zinariya. Wannan ba zai fita ba sai an yanke."

"In an yanke a ƙara masa zinariya a mayar mata."

"Hannu huɗu ya bi, daga kakar kakarka, ba a taɓa sa masa zarto ba."

"Ita an sa mata wuƙa don ta yi daidai da idon mutane. Bai fi ta ba, Ammi."

Anti ta gyara tabarau.

"Zan kwana da maganar," ta ce. "Wuce mu tafi."

A bakin ƙofa ya waiwayo. "Da maƙeri ko babu maƙeri, gobe zan zo. Ki nemo katin likitarki, tare za mu je."

Suka fita, aka bar ni da wadda na fi jin tsoro.

Ammi ta ɗauki Alƙur'anin ta sumbace shi ta mayar da shi ma'ajiyarsa. Ta shiga kicin ta dawo da man kwakwa a murfin kwalba, ta zauna a ƙasa kusa da ni, gwiwarta na ƙara. Ta ɗora hannuna a cinyarta ta fara shafa man a inda zinariyar ta ci fata. Na so ta mare ni. Na so ta yi ihu maƙwabta su taru, da ya fi min sauƙi.

"Ammi, ki ce wani abu."

Ta ci gaba da shafawa. Can ta miƙa ɗaya hannun ta ɗauki kaskon da ya tsaya a ƙafarta ɗazu. Ta juya shi, ta kai hanci ta shaƙa, ta lumshe ido.

"Na Gawalmandi ne," ta ce. "Har yanzu suna sa ruwan fure."

"Ki yafe min."

"Kin san wani lokaci in na kishingiɗa da azahar mafarkinsa nake yi? Sai in farka in yi istigfari, in ce kada yarinyar nan ta gani a fuskata, ita da take ta haƙuri." Ta goge bakin kaskon da babban yatsa. "Ashe kina samana, tsakaninmu rufi kawai."

Na kifa kaina a kafaɗarta. Duk ƙashi ce.

"Shekara uku, Rubab," ta ce, muryarta ta karye. "Ko sau ɗaya da kin sauko da cokali biyu."